Jitar Bes da Tarin Amfilifaya: A Yi Lissafi Kafin a Zuba Kuɗi

Duk mazaunin Zangon Kumasi ya san yadda ƙarshen mako yake. Tun daga yammacin Juma'a ake fara kafa rumfuna a kan layi, a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Yalwa da Sawaba. Nan awure, can suna, gaba kuma walima. Kafin mutum ya hango rumfar, abin da ke fara riskarsa shi ne wani gurnani mai kauri da ke bin ƙasa, yana kaɗa kwanon rufi, yana ratsa ƙirji. Wannan shi ne sautin bes. A wurare da yawa daga faifai ko wayar hannu yake fitowa, amma akwai samarinmu da suka zaɓi su kaɗa shi da yatsunsu a kan jitar bes, wato jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri.

Su ne dalilin wannan rubutu. Mun sha ganin yaro ya yi shekara biyu yana tara kuɗi, ko wansa da ke Amurka ko Jamus ya tausaya masa ya aiko da kaya a ganga, amma kafin wata uku kayan sun zama gawa a shagon mai gyara. In an bincika, ba ƙarancin kuɗi ya kashe su ba, kuma ba hassadar kowa ba ce. Rashin sanin yadda ake haɗa su ne. Ba hukuncin kiɗa muka zo yankewa ba, wannan fagen malamanmu ne. Abin da ke gabanmu shi ne dukiya da ke ƙonewa, da rai da ke shiga hatsari, da haƙƙin maƙwabci. Kuma ilimin da za mu kawo, shi ne dai ke amfanar mai kula da lasifikar masallaci, da ta mauludi, da ta bikin saukar karatu.

Bes ba baƙo ba ne a Kumasi

Tun kafin lantarki ya shiga harkar kiɗa, mutanen wannan gari sun san daɗin sauti mai kauri. Asantawa na da manyan gangunansu na fontomfrom, Dagomba na da gungon, mu kuma muna da ganga da tambari. Masu kiɗan jita irin na dā, wanda Koo Nimo ya raya har duniya ta san shi, suna da wani akwati mai harsuna da ake kira prempensua. Makaɗin yakan zauna a kansa yana taɓa harsunan da yatsu. Aikin da akwatin nan ke yi, shi ne jitar bes ta gada.

Ita kuwa jitar bes ta lantarki, kamfanin Fender na Amurka ne ya baza ta a duniya da samfurinsa Precision Bass a 1951, ya bi shi da amfilifaya mai suna Bassman a 1952. Da ta iso ƙasarmu ta sami hannun da ya dace da ita. A shekarun 1970 Kumasi ta zama cibiyar kiɗan hailaif na jita. A nan Dr. K. Gyasi ya zauna da ƙungiyarsa Noble Kings, inda Ralph Karikari ya yi suna wajen kaɗa bes tamkar mai buga ganga. A nan kuma ƙungiyar Vis-A-Vis ta tashi, wadda makaɗanta suka yi wa K. Frimpong kiɗa a faifansa na 1976. Har yau masu tara tsofaffin faifai a Turai suna neman waɗannan ayyuka.

Daga baya al'amura suka juya. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, aka kuma ɗora wa kayan kiɗa haraji mai nauyi a tashar ruwa. Ƙungiyoyi suka watse. Wasu makaɗa suka tafi Nijeriya da Jamus, wasu suka shige coci, fili ya koma hannun masu juya faifai da manyan lasifikoki. To, a cikin wannan giɓi ne aka yi asarar wani abu da ba a cika ambatonsa ba: sanin kaya. A dā yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ƙungiya akwati yana naɗe waya, yana kallon yadda manya ke haɗa kaya, kafin a ba shi jita. Yaron yau a bidiyo yake ganin kayan, ya ga fitilu suna walƙiya, bai ga wayoyin da ke bayansu ba.

Mai gyaran murya daban, mai ƙarfi daban

Abin da muke kira amfilifaya a dunƙule, na'urori biyu ne a cikin akwati ɗaya. Ta farko ita ce samari ke kira firiyam, ta biyu kuma babban amfilifaya. Sai an rarrabe aikinsu sannan sauran bayani zai shiga kai.

Idan aka taɓa tsirkiya, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yakan haifar da wata 'yar wuta mai rauni, wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Firiyam ne ke karɓar wannan 'yar wuta, ya ɗaga ta zuwa wajen bolt ɗaya ko ɗaya da rabi, ya kuma ba ta kama: a ƙara kauri, a rage kaifi, a fito da tsakiya. Duk maɓallan da ake murɗawa don gyaran sauti nasa ne. Amma shi kaɗai ba zai motsa lasifika ba. Wannan aikin babban amfilifaya ne, wanda ba ruwansa da ado. Abin da aka ba shi, shi yake ninkawa. Don ya tura wat 500 cikin akwatin lasifika mai om 4, sai ya fitar da kusan bolt 45. Idan muka kwatanta da girki, firiyam ne mai haɗa kayan miya, babban amfilifaya kuwa icen murhu ne. Yawan ice ba ya gyara miyar da gishiri ya yi wa yawa.

Me ya sa bes ke cin ƙarfi fiye da sauran kayan kiɗa? Tsirkiyarsa mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya, abin da masana ke kira haz 41. A jita mai tsirkiya biyar har ƙasa da haka, haz 31. Zangon sauti guda na haz 41 ya haura mita 8 a tsawo. Kafin lasifika ta haifar da irin wannan sauti sai ta tura iska mai yawa, ga shi kuma kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri da sauƙi kamar yadda yake jin mai kaifi. Shi ya sa tun a 1969 kamfanin Ampeg ya fito da amfilifayarsa SVT mai wat 300, wadda kanta kaɗai ya kusa kilo 40.

A wajen wannan lokaci ne wasu makaɗa a Amurka suka fara raba na'urorin biyu. Kamfanin Alembic ya ƙera firiyam mai zaman kansa, aka riƙa haɗa shi da manyan amfilifayoyi irin na ɗakunan taro. Amfanin rabawar a fili yake: in ɗaya ya lalace ba a rasa duka ba, in kuma murya ta gundure ka, firiyam kawai za ka sauya. Ƙungiyar Grateful Dead ta kai abin matuƙa a 1974, lokacin da ta gina bangon lasifikoki kimanin 600, har kowace tsirkiya ta jitar bes tana iya samun nata layin daban. Ba su daɗe da shi ba suka ajiye, domin ɗawainiyar ɗaukarsa daga gari zuwa gari ta fi ƙarfinsu. Wannan ma darasi ne ga mai jigilar kaya a a-daidaita daga Aboabo zuwa Tafo.

Hanyoyin haɗa firiyam fiye da ɗaya

Makaɗin Zango yana da hujjar son murya fiye da ɗaya. A dare guda za a nemi ya yi hailaif, wanda ke son bes mai tsabta da ake jin kowane taɓi, a nemi rege mai son kauri zalla, sannan a juya zuwa waƙoƙin Hausa na zamani. Firiyam mai kwalba, wato bawul, yana ba da sauti mai taushi da ɗumi. Na taransisto yana ba da mai tsabta da kaifi. Akwai kuma ƙananan na ƙasa da ake takawa da ƙafa, irin SansAmp na kamfanin Tech 21, waɗanda ke kwaikwayon muryar kwalba. Hanyoyin haɗa su uku ne.

Hanya ta farko, ɗaya bayan ɗaya. Wayar jita ta shiga wani ɗan akwatin zaɓi mai baki biyu, kowane baki ya tafi ga firiyam ɗinsa. Abin da suka fitar ya shiga ƙaramin miksa, kowa da layinsa, daga miksa kuma zuwa babban amfilifaya. Makaɗi ya taka, murya ta sauya. Abin kula shi ne a daidaita ƙarfin biyun tun kafin taro, kada ya taka jama'a su firgita.

Hanya ta biyu, a kunna su tare a gauraya muryoyinsu a miksa. A nan akwai tarko biyu. Na farko, kada a raba sautin jita da waya mai reshe biyu kawai. Maganaɗisun jita rarrauna ne, in aka ɗora masa kaya biyu sai kaifin sautin ya dushe. A nemi akwatin rabawa mai amfani da batir ko wuta. Na biyu, wani firiyam yakan juya sauti a kife, wato lokacin da ɗan'uwansa ke turawa shi yana ja. In aka gauraya su haka, sai su cinye juna, bes ya zama siriri kamar an matse masa wuya. Gwajin mai sauƙi ne: a saurari kowanne shi kaɗai, sannan a haɗa. In kauri ya ragu maimakon ya ƙaru, to sun saɓa. Akwatunan rabawa da miksoci da dama suna da maɓallin juya sauti saboda haka.

Hanya ta uku ita ce ta masu hali. Mafi yawan manyan amfilifayoyi layi biyu gare su. Sai a ba kowane firiyam layinsa da akwatin lasifikarsa: ɗaya ya ɗauki kauri zuwa lasifika mai inci 15 ko 18, ɗayan ya ɗauki tsakiya da sama zuwa akwati mai ƙananan lasifikoki masu inci 10. In an sami na'urar raba sauti, wadda ake kira kurosoba, a yanka a wajen haz 100 zuwa 200. A nan ma a tabbata akwatunan biyu suna tafiya tare. Ana gane haka da ƙaramin batir: a taɓa shi a wayar kowane akwati ta fuska iri ɗaya, a duba ko takardun lasifikokin duk waje suka yunƙuro.

Abubuwa biyu ne ba a yi ko kaɗan. Ba a ɗaure bakin fitar firiyam biyu wuri ɗaya da waya mai reshe, domin kowanne zai riƙa tura wutarsa cikin ɗan'uwansa. Gaurayawa aikin miksa ne. Ba a kuma zuba abin da firiyam ya fitar da cikakken ƙarfi a bakin da aka yi domin jita a wani firiyam ɗin, domin sakamakon sai shuu da tsagewar sauti. Ga kuma albishir ga mai ƙaramin ƙarfi: in kana da tsohuwar amfilifaya ta dunƙule, duba bayanta. Da yawa suna da wani baki da ke kai sauti kai tsaye ga ɓangaren ƙarfi, ya tsallake firiyam na ciki. Ka ga ka sami babban amfilifaya ba tare da ka kashe ko sidi ɗaya ba.

Lissafin om da wat

A nan ne mafi yawan kaya ke mutuwa, alhali lissafin bai fi wanda muke koya wa yara a aji wuya ba. Kowane akwatin lasifika yana da adadin om, galibi 8 ko 4. Kowane amfilifaya kuma an rubuta a bayansa mafi ƙanƙantar om da zai iya ɗauka. In aka jona akwati a jikin akwati kamar yadda aka saba, om raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Biyu masu om 8 sun zama 4. Biyu masu om 4 sun zama 2. Mai 8 da mai 4 sun zama wajen 2.7. Huɗu masu om 8 sun zama 2. Duk sa'ad da om ya ragu, amfilifaya na ƙara jan wuta, yana ƙara zafi. In an yi sa'a ya kashe kansa a tsakiyar taro, in ba a yi ba ya ƙone.

Akwatunan da kafintocinmu ke ƙerawa a gida sau da yawa ba su da rubutu. A auna su da mita. Mai om 8 yakan nuna wajen 6, mai om 4 kuma wajen 3. Haka kuma lasifikar da aka sake naɗa wa waya a wurin mai gyara, a auna ta kafin a mayar, don ba lalle ta dawo da adadinta na asali ba.

Sai batun haɗe layi biyu su zama ɗaya, abin da samari ke kira birij, suna murna wat ya ninka. Gaskiya ne ƙarfi na ƙaruwa, amma kowane layi rabin om ɗin akwatin yake gani. Amfilifayan da iyakarsa om 4 ce a kowane layi, in an yi masa birij iyakarsa ta koma om 8. Wanda ya ɗora masa akwati mai om 4 a wannan hali, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mai babban amfilifaya na kwalba kuwa, nasa sharaɗin ya fi tsauri: kada ya kuskura ya kunna shi ba lasifika a jiki, domin tiransifomarsa na iya ƙonewa.

Game da wat, mu daina ruɗuwa da manyan lambobin da ake mannawa a gaban kaya. Wanda aka rubuta PMPO a gefensa talla ce kawai. Na gaskiya shi ne mai RMS, tare da adadin om da aka auna shi a kai. Kuma ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga wat 300 zuwa 600, desibel 3 kawai aka ƙaru, abin da kunne zai ji ɗan kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai wat ya ninka wajen sau goma. Saboda haka ƙara akwatin lasifika na biyu mai kyau ya fi sayen amfilifaya mai ninkin wat amfani, musamman a tarukanmu da ake yi a fili, inda babu bangon da zai maido da sauti, kuma duk ninkin nisa yana cin desibel 6.

Jar fitilar da ke gaban babban amfilifaya ba ado ba ce. In tana ƙiftawa jefi-jefi ba laifi, in ta tsaya ja, to an kai shi bango, sautin da yake fitarwa ya tsage, kuma wannan tsagaggen sauti yana dafa wayar lasifika. A rage daga firiyam. In amfilifayan yana da maɓallin yanke sautin da ke ƙasa da haz 30 ko 40, a kunna shi, domin wannan sautin wahalar da lasifika kawai yake yi. A kuma bambanta waya: siririyar wayar jita ba ta ɗaukar wutar lasifika. Tsakanin amfilifaya da akwati sai waya mai kauri, gajera gwargwadon hali.

Wutarmu da halinta

Wutar gidajenmu a Gana bolt 230 ce. Ta Amurka da Kanada 120 ce. Kayan da suka zo daga Jamus ko Ingila sun dace da tamu, amma wanda ɗan'uwa ya aiko daga Niyok, in aka cusa shi a soket ba a duba ba, daƙiƙa ɗaya ta isa ta mai da shi toka. A karanta rubutun da ke kusa da bakin wayar wuta. Wasu suna da maɓallin sauyawa, kuma in an sauya galibi sai an sauya fis. Wasu sababbi marasa nauyi suna karɓar kowace wuta daga 100 zuwa 240. Sauran sai da tiransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da amfilifayan ke ja. 'Yar ƙaramar da ake sa wa rediyo ba za ta yi ba.

Mun ga rabon wuta a 1983 da 1998 sa'ad da ruwan Akosombo ya ja baya, mun kuma sha dumsor a 2015. Darasin da muka koya shi ne, dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna. Da zarar an ɗauke, a kashe babban amfilifaya. In da janareta ake aiki, a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, kada a haɗa shi da firji ko tukunyar dafa ruwa, kuma a kashe kaya kafin mai ya ƙare, domin lokacin da yake shure-shuren mutuwa wutarsa hawa da sauka take yi. Ƙa'idar kunnawa guda ce: babban amfilifaya shi ne na ƙarshen kunnawa, shi ne na farkon kashewa. Wanda ya saɓa zai ji wani "dum" a lasifika, kuma kowane "dum" yana rage mata kwana.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Idan aka haɗa na'urori da yawa, sau da yawa akan ji wani gunji mara yankewa a lasifika. Asalinsa wutar gida ce, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma yakan shigo ne in na'urorin suna shan wuta daga soket daban-daban alhali waya ta haɗa su. Abin haushin shi ne haz 50 yana dab da sautin da jitar bes ke bayarwa a gaɓa ta uku ta babbar tsirkiya, wato haz 49, don haka in ka ce za ka rage shi da maɓalli, bes ɗinka ka rage. Sai wani gwani ya ce a karya dogon ƙarfen filogi, wato na wayar ƙasa, gunjin zai tafi. Zai iya tafiya, amma ya tafi da kariyar rai. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In wuta ta zube a jikin na'ura kuma babu wayar ƙasa, hanyar da ta rage mata ita ce hannun makaɗi, ko leɓensa in ya taɓa makirufo. Haka Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandali a garin Suwansi na Birtaniya a watan Mayun 1972, yana ɗan shekara 27. Mu kuwa a kan ƙasa muke kafa kaya, wani lokaci bayan ruwan sama, yaro sanye da silifa.

Maganin gunji na halal shi ne duk kayan su sha wuta daga wuri ɗaya mai wayar ƙasa ta gaskiya, a yi amfani da waya mai ƙafa uku irin ta makirufo tsakanin miksa da babban amfilifaya, in kuma ya ƙi, a sa ɗan akwatin DI, wanda maɓallinsa ke yanke ƙasa a layin sauti kaɗai ba a layin wuta ba. A nemi ma'aikacin lantarki ya sa wa allon soket ɗin na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta fara zuba. Kuɗinta bai kai na lasifika ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Zafi da ƙura su ma abokan gaba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, damina tana kawo tsatsa a bakunan waya. A bar wa amfilifaya sarari gaba da baya, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a lulluɓe shi da zane yana aiki. Maƙeran Suame Magazine za su iya ƙera masa keji mai taya, kafintocin Sokoban kuma akwati mai ƙwari, muddin aka kai musu awon da ya dace da lasifikar, ba awon ido ba.

Kunne da maƙwabci

Masana lafiya sun ce zama cikin ƙarar desibel 85 na tsawon awa 8 shi ne iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wanda ke tsaye gaban akwatin bes ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma makaɗin da ya kurumce ya rasa jarinsa. Abin toshe kunne ba tsada gare shi ba.

Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta ƙasa ga unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare. Ko babu doka, mun san gidajen Zango: ɗaki jikin ɗaki, bango ɗaya tsakanin mai biki da mai jinya. Sauti mai kaifi bango na tare shi, amma bes ratsawa yake yi. A bayan bangon nan akwai jariri, akwai tsohuwa mai hawan jini, akwai ɗalibi mai shirin jarrabawa, akwai mai son tashi sallar Asuba. Bes mai tsabta ana jinsa sarai ba sai an ƙure ba. Galibi wanda ke ƙurewa, sautinsa ne ya dagule yake neman rufewa da ƙara.

Shawararmu

Ga ɗan'uwa mai shirin sayen kaya, mu ce ya fara da firiyam ɗaya mai kyau, da babban amfilifaya ɗaya, da akwati ɗaya, ya san su ciki da waje. Sai ranar da ya iya faɗin muryar da yake nema wadda na farkon ya kasa ba shi, sannan ya sayi na biyu. Kowace na'ura da aka ƙara, an ƙara waya, an ƙara nauyi, an ƙara wurin da matsala za ta ɓuya. Ya zana haɗin kayansa a takarda ya manna a jikin keji, ya rubuta om a bayan kowane akwati da fenti, ya sayi mita. Ga 'yan'uwa da ke ƙasashen waje, kafin ku sa kaya a ganga ku duba ko suna karɓar bolt 230, ku haɗo da takardar bayaninsu. Ga tsofaffin makaɗa da masu gyara da suka rage a garin nan, ku ja yaran nan a jiki, kada sanin ya tafi tare da ku. Ku kuma samari ku sauke kai ku tambaya, domin tambaya mabuɗin ilimi ce.

Allah Ya sa wa sana'ar kowa albarka, Ya tsare mu da asara, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.